Caca Ta Cinye Kuɗin Rajistata, Ko In Sake Bugawa Sau Ɗaya In Mayar?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke garin Kaduna. Na fara cacar ƙwallo a waya tun ina aji ɗaya da naira 200, kuma a makonnin farko na taɓa cin naira 47,000 a tikiti guda. Yanzu haka naira 90,000 da mahaifina ya ba ni na rajista sun tafi, na ci bashin 30,000 a wata manhajar rance, abokina kuma yana bi na 10,000. Saura mako uku a rufe rajista. Mahaifina tela ne, yana fama da hawan jini, kuma ya ɗauka na riga na biya. Ba na barci, na daina shiga lakca, wani lokacin ma sai in ji gara a ce ba na duniyar. Ina da naira 20,000 da na samu bayan na sayar da tsohuwar wayata. Tunanina shi ne in natsu in zaɓi wasanni masu tabbas a ƙarshen makon nan, in na ci in biya komai in tuba, ba tare da kowa ya ji ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wani ɗalibi, Kaduna

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka ita ce kada ka buga, kuma zan kawo maka dalilin da lissafi. Amma kafin nan akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi maganar kuɗin nauyi a wurina, wato inda ka ce wani lokacin kana jin gara ba ka duniya. Wannan maganar ba ta jiran ƙarshen mako. Idan tunanin yana yawan dawo maka, musamman da dare bayan kowa ya yi barci, ko ya kai har ka fara tunanin hanyar da za ka bi, to yau ɗin nan ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi, kada ka kwana kai kaɗai a ɗaki, sannan ka je asibiti. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai sashen gaggawa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, asibitin makarantarku ma zai iya tura ka inda ya dace. Likitoci sun san cewa waɗanda caca da bashi suka haɗu a kansu na cikin mutanen da irin wannan tunani ya fi damu, saboda haka ba za ka ba su mamaki ba, ba kuma za su yi maka dariya ba. Jimillar abin da ke kanka naira 130,000 ce. Kuɗi ne mai yawa ga ɗalibi, mai yawa ne ga tela, amma kuɗi ne da ake iya biya, kuma babu uban da zai yarda a musanya masa ɗansa da shi.

To, mu zo kan shirin naka. Kana da 20,000, kana neman 130,000, ke nan kana bukatar tikitin da zai ninka kuɗinka sau 6.5. Ko da a ce kamfanin ba ya cire wa kansa ko kwabo, irin wannan ninki yana nufin damar cinka kusan 15 ce cikin 100, damar faɗuwarka kuwa 85. Da za a ce maka motar da ke lodi a tashar Kawo sau 85 cikin 100 ba ta isa Zariya, ko ƙofarta ba za ka taɓa ba, balle ka ɗora mata karatunka na shekara uku.

Kuma kamfanin yana cirewa, cirewar ce ma sana'arsa. Ɗauki zaɓin da sakamakonsa biyu ne kacal kuma ƙarfinsu ɗaya, misali a zura ƙwallo uku ko fiye, ko kuma a kasa zurawa. Da adalci ake yi, ninki 2.00 za a ba kowane ɓangare, amma abin da ka saba gani a allon wayarka shi ne 1.90 ko ƙasa da haka. Mutum biyu suka zuba dubu ɗai-ɗai, ɗaya a nan ɗaya a can, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu ko wane ne ya yi nasara. Wannan ɗarin da ba ka lura da ita ba ita ce ke biyan hayar shagunansu, da albashin ma'aikatansu, da tallan da kake gani a ƙirjin rigunan 'yan wasa. Dogon tikitin da ɗalibai suka fi so kuwa, nan ne abin ya fi muni. Ka jera wasa 10, ka ƙaddara kowannensu yana da damar 70 cikin 100 ta zuwa yadda ka yi hasashe, wanda hasashe ne mai kyau ƙwarai a harkar ƙwallo. Damar su zo daidai gaba ɗayansu ba ta kai 3 cikin 100 ba. Kason kamfani ma yana hauhawa da kowane wasa da ka ƙara, ta yadda kashi 5 cikin 100 na wasa guda yakan zama kusan kashi 40 a tikitin wasa 10. Shi ya sa suke yi wa dogon tikiti ƙarin garaɓasa suna kwaɗaita maka shi. Ba don sun tausaya wa ɗalibi ba ne.

Batun wasa mai tabbas kuma, kai ma ɗan kallo ne, ka san babu shi. A Kofin Duniya na 2022 a Qatar, Ajantina ta shigo da tarihin wasa 36 ba a doke ta ba, Saudiyya ta lallasa ta da ci 2 da 1 a wasan farko, kuma Ajantinar nan ce ta ɗauki kofin daga ƙarshe. A 2016 Leicester City ta lashe gasar Firimiya ta Ingila alhali kamfanonin caca sun ba ta ninki 5,000 a farkon kaka. Masu buɗe zaure a Telegram da WhatsApp suna sayar da abin da suke kira wasannin da aka riga aka shirya sakamakonsu, su ma ka yi musu tambaya ɗaya a zuciyarka: wanda ya san sakamakon gobe, me zai yi da naira dubu biyunka?

Duk da haka na san lissafi kaɗai ba zai raba ka da wayar ba, domin da lissafi ke hana caca da ɗaliban sashen lissafi ba su taɓa bugawa ba. Abin da nake so ka gane shi ne, wannan shirin da kake gani a matsayin mafita shi ne ainihin ciwon. Bin sawun asara, wato mutum ya sake zubawa don ya mayar da abin da ya tafi, yana cikin manyan alamomin da likitoci ke dubawa kafin su ce caca ta zama cuta, tare da yin ƙarya don ɓoye yawan bugun, da cin bashi, da sakaci da aiki ko karatu, da kasa dainawa bayan an sha yin alƙawari. Ka sake karanta wasiƙarka ka ƙirga nawa ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka a kundinta da ya fara aiki a 2022, rukuni ɗaya da shaye-shaye, ta kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya na fama da ita. Ban kawo wannan don in wanke ka daga laifi ba, domin amanar mahaifinka ka ci kuma kai ma ka sani. Na kawo shi ne don ka daina ɗaukar abin a matsayin rashin sa'a da sa'a za ta gyara.

Naira 47,000 ɗin nan da ka ci da farko ita ce ta fi cutar da kai a duk labarin. Ƙwaƙwalwa tana riƙe daɗin ranar, ƙarar saƙon banki, ihun abokai, tsiren da aka saya aka ci a tsaye, amma ba ta tara maka ɗari biyu-biyu da dubu ɗai-ɗai da suka zurare a tsawon shekara biyu. Sai kuma tikitin da wasa ɗaya ya tsinke, wanda duk mai bugawa yake da labarinsa: tara sun shigo, na goma ya lalace a minti na 89. Mutum yakan ji kamar ya kusa, alhali a lissafi tikitin da wasa ɗaya ya ɓata da wanda wasa bakwai suka ɓata duk sifili ne. Jin an kusa ɗin nan shi ke mayar da hannu aljihu. Idan kana son ganin gaskiyar lamarin da idonka, ka nemi bayanan asusun bankinka tun daga ranar da ka fara, ka ɗauki biro ka haɗa abin da ya shiga caca gefe guda, abin da ya fito gefe guda. Zai yi ɗaci, amma za ka bukaci takardar nan gaba kaɗan.

Ɗalibi ya fi kowa sauƙin faɗawa, kuma dalilan a bayyane suke. A karon farko kuɗi mai kauri yana shiga hannunsa a dunƙule, na rajista da na haya da na abinci, babu mai tambayarsa lissafi sai ƙarshen zango. A gidan kallo da ɗakin kwana kowa tikitin da ya ci yake nunawa, babu mai ɗora hoton wanda ya tsinke. Cacar da iyayenmu suka sani ta karta ce a bayan kasuwa, wadda sai mutum ya cire kunya ya taka ya je, kuma ana iya ganinsa a kai rahoto gida. Ta yanzu tana cikin aljihu dare da rana, har da wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, ta yadda mutum zai iya rasa kuɗin wata guda tsakanin magariba da isha yana zaune a kan katifarsa, abokin ɗakinsa na zaton karatu yake yi. Rashin barcin da ka ambata, da gudun lakca, da faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara, duk daga nan suke, kuma ina kyautata zaton ka fara gudun kiran gida, ka fara saurin fushi, cin abincinka ma ya ragu.

Ka ce in ka ci za ka biya ka tuba. Ka ƙaddara ka faɗa cikin damar 15 cikin 100 ɗin nan, ka ci. Darasin da za ka koya shi ne caca ce ta fitar da kai kunya, kuma zango mai zuwa da kuɗin rajista ya sake shiga hannunka, wannan darasin ne zai yi maka magana. A ganina cin zai fi faɗuwar zama musiba a gare ka. Ta fuskar addini ma, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri guda, suka ambaci ƙiyayyar da take haddasawa tsakanin mutane da yadda take shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Malamai kuma sun sanya barin laifin nan take a sahun farko na sharuɗɗan tuba, kafin a zo kan nadama da mayar da haƙƙin mutane. Tubar da aka ɗaga zuwa bayan wasannin Lahadi ba ta fara ba tukuna.

Yanzu ga abin da ya fi wuya, wanda kuma a kansa komai ya rataya. Kalmomin da suka fi damuna a shirinka su ne "ba tare da kowa ya ji ba". Ɓoyewar ce ta raini matsalar tun tana naira 200 har ta kai 130,000, kuma muddin kai kaɗai ka san da ita, kai kaɗai za ka ci gaba da yanke shawara a kanta da ƙarfe biyun dare, da ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dole wani a gidanku ya ji, kuma cikin kwana biyu ko uku, domin mako ukun da ya rage shi ne jarin da kake da shi na gaske. Iyali za su iya haɗa kuɗi a mako uku, ba za su iya ba a daren rufe rajista.

Na fahimci tsoronka game da hawan jinin Baba, kuma tsoro ne mai tushe. Sai dai ka auna hanyoyin da labarin zai iya isa gare shi. Wasu manhajojin rance sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon tozarci ga lambobin da ke cikin wayar wanda ya makara da biya. Ko kuma a shiga jarrabawa babu sunanka a jerin waɗanda suka yi rajista, shekara ta lalace, ya ji daga bakin wani. Duka biyun sun fi haɗari ga mai hawan jini a kan ya ji a cikin gida, a zaune, daga bakin wanda ya san yadda ake yi masa magana. Ba lallai ne ka tunkare shi kai tsaye ba, al'adarmu ma ba ta ɗora maka hakan ba. Ka duba cikin dangi wanda Baba ke jin nauyinsa kuma yake da rufin asiri, kawu ne, baffa ne, babbar yayarka ce ko Mama, ka fara da shi. Ka je da takardar lissafin nan, ka faɗi adadin duka, kada ka rage ko naira ɗaya, kada ka ce sata aka yi maka ko damfara. Masu caca sukan faɗi rabin bashin don a sassauta musu, sai ragowar rabin ya mayar da su bugawa a ɓoye, in ya fito kuma yardar da aka fara ginawa ta rushe gaba ɗaya. Ka ce, "Kawu, na yi laifi, caca na yi da kuɗin makaranta, ga abin da ake bi na, kuma na kasa dainawa ni kaɗai." Za a yi faɗa, wataƙila Baba ya ɗauke maka wuta na wani lokaci. Mutumin da ya tara 90,000 a kan keken ɗinki yana da haƙƙin ya yi fushi, kai kuma aikinka ka sunkuyar da kai ka jure.

Ga duk wanda wannan magana za ta je hannunsa a cikin dangi, ina roƙon abu biyu. Kada a tara masa jama'a a tozarta shi, domin kunya mai tsanani ita ke tura yaro inda ba a so. Kada kuma a damƙa masa kuɗi a hannu, ko da ya yi kuka ya rantse. A biya makaranta kai tsaye ta banki, a karɓi rasit, a riƙa ba shi na abinci da na mota kaɗan-kaɗan, mako-mako. Bashin abokinsa da na manhaja kuwa, ya fi kyau a bar masa wani kaso ya biya da guminsa, ko da zaman shagon Baba ne lokacin hutu yana sa maɓalli da guga.

Naira 20,000 da ke hannunka ka fitar da ita daga asusunka yau, ka miƙa wa wanda ka zaɓa ɗin, domin idan ta kai Asabar a wurinka ni da kai mun san inda za ta. Shawarata a rage bashin manhaja da ita, tun da shi ne ke ƙaruwa kullum. Kada ka ci bashi a wata manhajar don biyan wannan. Idan suka fara barazana ko aika saƙo ga mutanenka, ka adana hotunan saƙonnin, ana kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, amma ka sani ƙorafin ba ya goge bashin. A makaranta kuma ka je wurin malamin da ke kula da ajinku da ofishin harkokin ɗalibai, ka tambayi ƙa'idar rajistar makara, da ko ana karɓar biya kashi-kashi, da yadda ake jingine zango a hukumance idan abin ya faskara. Jingine zango da takarda ya fi ɓacewa babu bayani nesa ba kusa ba. Idan makarantar taku ta gwamnati ce, ka duba rancen ɗalibai na NELFUND da aka kafa dokarsa a 2024, wanda ba shi da kuɗin ruwa, yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, da kuma naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya. Yakan ɗauki lokaci, don haka kada ka dogara da shi a wannan mako ukun, kuma in ya fito, kuɗin watan nan ma ya bi ta hannun wanda ke riƙe maka.

Sai toshe hanyoyi. Kada ka tsaya a goge manhaja kawai, domin sake sauke ta minti biyu ne. Ka shiga kowane asusun caca da kake da shi ka nemi a rufe shi ta tsarin da mutum ke haramta wa kansa shiga, ka yi hakan a gaban wani. Akwai manhajar BetBlocker, kyauta ce, tana toshe shafukan caca na tsawon lokacin da ka zaɓa. Ka fice daga zaurukan hasashe, ka ba da ajiyar katin ATM ɗinka, in da hali ma ka koma ƙaramar waya mai maɓalli har a gama jarrabawa. Gidan kallo ka ɗan ƙaurace masa na wasu watanni, ba don ƙwallo laifi ce ba, sai don idonka ya saba kallonta da lissafin tikiti. Kada ka jira gwamnati ta yi maka wannan aikin. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne su tsara harkar, amma ko da an rufe kowane shago daga Kawo har Sabon Tasha, naka shagon yana cikin aljihunka.

Sha'awar za ta dawo, ka sa ran haka, musamman ranar Asabar da yamma da duk ranar da kuɗi ya shigo ko rai ya ɓaci. Takan taso da ƙarfi sannan ta lafa idan ba a biye mata ba, don haka ka tanadi wanda za ka kira da inda za ka je a irin wannan lokacin. A asibitin Barnawa akwai masana halayyar ɗan Adam da ke yin magani ta hanyar zama da tattaunawa, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke ja masa hannu da yadda zai katse shi, kuma za su duba ko akwai ciwon damuwa a tare da kai da ke bukatar nasa maganin. Idan ka zame ka buga, ka faɗa a ranar, tun asarar tana dubu ɗaya.

Abokinka mai 10,000 ka same shi ka gaya masa gaskiyar inda kuɗinsa ya shiga da ranar da yake iya sa ran samu, ka kuma roƙe shi kada ya sake ranta maka ko ka zo da wane labari. Ranar Litinin ka koma aji ko da rajistar ba ta kammala ba, ka ari littafin wanda bai yi fashi ba ka kwafe abin da ya wuce ka, ka bi malaman da ka rasa gwajinsu ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai damar ramuwa. Bayan ka yi magana da wanda ka zaɓa a gida, ka sake rubuto mini yadda kuka yi, da yadda barcinka yake.